Ƙuri'ar fitar da sabon zubin manhaja: wa ke kaɗawa, kuma me take nufi?

Wani ƙanenmu ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya turo mini tambaya. Su shida ne suka haɗu suka rubuta ƴar manhajar waya ta riƙe lissafin kaya da bashi, suka buɗe tushenta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a shafin ajiye manhaja na GitHub, har wasu masu kantuna a Maraɗi sun fara aiki da ita. Wanda ya fara aikin shi ke riƙe da makulli, duk sa'ad da ya ga dama sai ya saki sabon zubi, kuma na baya-bayan nan ya birkita jimillar bashi a wayoyin mutane. Yanzu sauran biyar ɗin sun ce daga yau sai an kaɗa ƙuri'a, shi kuma ya ce ƙuri'a ɓata lokaci ce. Sai ya tambaye ni: "Yaya, manyan ƙungiyoyin da ke rubuta buɗaɗɗiyar manhaja yaya suke yi? Ƙuri'a suke kaɗawa, ko mutum ɗaya ke yanke magana?"

Ƙanena, duka biyun ana yi, kuma kowanne akwai inda ya haura shekara ashirin da biyar yana tafiya. Sai dai kafin ku ɗauki ɗaya, ku fara gane abin da ƙuri'ar take nufi a wurin masu yin ta, don na lura ku biyar ɗin da abokin naku duk kallon zaɓen siyasa kuke yi mata: a ƙirga hannuwa, masu yawa su kayar da marasa yawa. Masu fitar da manhaja ba haka suka ɗauke ta ba. A wurinsu, wanda ya kaɗa ƙuri'ar amincewa shaida ya bayar cewa ya sauke abin, ya gina shi da hannunsa, ya gwada, ya ga yana aiki. Da a ce ku biyar kun ɗaga hannu ba tare da ko ɗayanku ya buɗe lissafin bashin ya duba ba, da zubin nan ya fita da kuskurensa yadda yake, sai dai laifin ya rabu gida shida.

Wurin da aka fi tsara wannan al'amari a rubuce shi ne Gidauniyar Apache. Asalinta wasu masu rubuta manhaja ne da suka haɗu a 1995 suna gyaran sabar yanar gizo, aka yi wa ƙungiyar rajista a Amurka a 1999. Yau ayyuka ɗaruruwa ne a ƙarƙashinta, irin su Tomcat, Kafka, Spark da Maven, kowanne da nasa kwamitin gudanarwa da suke kira PMC. Mutum daga waje yake farawa: ya kai rahoton kuskure, ya turo gyara, ya amsa tambayoyin sababbin shiga. In ya daɗe yana yi kuma aka ga hannunsa na da kyau, sai a ba shi izinin shigar da gyara kai tsaye cikin rumbun tushen manhajar. In ya ɗore, ƴan kwamiti su gayyace shi cikinsu. Kujerar tasa ce shi kansa. Ko ya bar kamfanin da ke biyansa albashi tana nan tare da shi, kuma kamfani ba ya iya sayenta da kuɗi.

Idan lokacin fitar da sabon zubi ya yi, mutum ɗaya ke ɗaukar nauyin haɗa shi. Zai tsayar da tushen manhajar a wani matsayi ya sa masa alama, ya ƙunshe shi cikin fayil guda, ya sa masa hannu da makullinsa na GPG, manhajar sa hannu na sirri da ke nuna daga wurin wa fayil ya fito, ya fitar da lambar tantancewa ta SHA-512, wadda ko harafi ɗaya aka taɓa cikin fayil ɗin sai ta sauya gaba ɗaya. Ƙunshin nan bai zama zubi ba tukuna, na gwaji ne, shi ya sa za ka ga an liƙa masa RC1. Sai ya rubuta wa jama'ar aikin a fili: ga inda kayan suke, ga alamar, ga abin da ya canza, a duba a kaɗa. Amsa iri uku ce. Wanda ya rubuta +1 ya yarda a fitar, mai 0 ba shi da ta cewa, mai -1 ya ce kada a fitar, ga dalilinsa.

Kowa na iya kaɗawa, har kai da ke zaune a Ali Dan Sofo da kwamfutarka. Amma ta ƴan kwamiti ake ƙirgawa wajen yanke hukunci. Ƙa'idar ita ce aƙalla uku daga cikinsu su ba da +1, kuma masu +1 su fi masu -1 yawa. An kuma gindaya wa ɗan kwamiti sharaɗi kafin ya rubuta +1 ɗinsa: ya sauke ƙunshin a kan tasa na'urar, ya tabbatar sa hannun na gaske ne, ya duba takardun lasisi suna nan daidai, ya gina manhajar daga tushe, ya gwada ta. Shi ya sa ƙuri'ar kirki ba ta zuwa ita kaɗai. Za ka ga mutum ya rubuta +1, a ƙarƙashi ya jera abin da ya duba da irin na'urar da ya yi gwajin a kanta.

Ka san yadda ake cinikin gona a wajenmu. Ba a tara ƙauye a tambayi wa ke son a sayar. Shaidu ake kira, su taka iyakar da ƙafarsu, su ga kuɗi ya shiga hannu, a rubuta sunayensu a gaban mai gari, don ranar da rigima ta tashi su za a nema. Matsayin mutum ukun nan ke nan. Akwai kuma dalili na shari'a a ciki: zubin da ya bi wannan hanya ya zama aikin Gidauniya, saboda haka in wani ya tashi kai ƙara, ita zai tunkara, ba ɗan sa-kan da ya haɗa ƙunshin ba.

Kada kuma ka raina ƙuri'ar na waje don ba a ƙirga ta. Na sha ganin zubin gwaji ya cika +1 ɗinsa uku, sannan wani da ba a ma san shi ba ya zo ya ce ya gwada a tsohuwar na'ura abin ya ƙi tashi, ga saƙon kuskuren da ya fito. Mai haɗa zubin da kansa yake soke ƙuri'ar, a gyara, a fito da RC2, a sake daga farko. Ƙa'ida ba ta tilasta masa ba, amma wa zai so sunansa a kan abin da aka riga aka nuna masa a karye yake?

Ana barin ƙuri'a a buɗe aƙalla awa 72. Mutanen a warwatse suke, lokacin da na Indiya ya tashi na Amurka yana barci, wani kuma sai ya taso daga wurin neman abinci yake samun zama. Kwana uku na ba kowa damar gani. A nan ne na fi saɓawa da abokinku da ke cewa ɓata lokaci ne, domin mu dalilanmu na jira sun ma fi nasu ƙarfi. Wuta ta ɗauke, rezo ya yi rauni, forfe ya ƙare sai gobe, wani ya tafi wajen Tibiri ko Madarunfa taya iyaye girbi. Maganar da aka yanke cikin awa biyu da tsakar dare, ta waɗanda wayarsu ke da caji ce kawai.

Ga wani bambanci da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙuri'ar fitar da zubi babu mai hawa kujerar na ƙi. In sauran sun cika sharaɗi, -1 ɗin mutum ɗaya ba ta tsayar da komai. Da gangan aka yi haka, don kada mutum guda ya riƙe aikin jama'a saboda wani gyaransa bai shiga ba. Sai a ce masa ya bari sai zubi na gaba. Amma a kan gyaran da za a shigar cikin tushen manhaja, -1 ɗin wanda ke da hurumi tana tsayar da gyaran cak, kuma yawan +1 ba ya ture ta. Sharaɗinta ɗaya ne, ta zo da hujja ta fasaha: gyaran nan ya buɗe ɓaraka, ko ya sa manhajar nauyi, ko yana lalata bayanan da aka adana da tsohon zubi. "Bai kwanta mini ba" ba hujja ba ce, kuma -1 da ta zo hannu rabbana ba a lissafa ta. Hanyar kawar da ita biyu ce, a gamsar da mai ita ya janye, ko a gyara abin da ya nuna. Wannan rabo yana burge ni ƙwarai, don ya ba mutum ɗaya mai gaskiya ƙarfin tare ɓarna ko da kowa ya saɓa masa, ya kuma hana mai taurin kai garkuwa da aikin gaba ɗaya.

Kuma kada ka ɗauka kullum cikin ƙuri'a suke. Mafi yawan aiki ba a kaɗa masa komai. Mutum zai ce zai yi kaza nan da kwana uku in babu mai ja, in aka yi shiru ya yi abinsa. Ƙuri'a a ƙarshen tattaunawa take zuwa, ta tabbatar da abin da aka riga aka fahimci juna a kai. In ka ga ana kiran ƙuri'a a kan kowace ƴar magana, to mutanen sun daina sauraron juna. Wanda aka kayar uku da biyu bai gamsu ba, an dai fi shi yawa ne, kuma ɗan sa-kai in aka yi masa haka sau biyu sau uku tattara nasa ya nasa yake yi, tun da ba albashi ke riƙe da shi ba.

Sai maganar inda ake tattaunawar, wadda a ganina ta kai ƙuri'ar kanta muhimmanci. A Apache, abin da ba a rubuta a wurin da kowa ke iya karantawa ba, ba a yanke shi ba. Mutum biyu na iya shawara ta waya ko a wurin taro, amma sai sun dawo sun rubuta abin da suka tattauna, sauran sun samu damar tofa albarkacin bakinsu. Abu kaɗan ake yi a asirce: maganar wanda za a ba izini ko a gayyata kwamiti, don kada a baje halin mutum a bainar jama'a, da rahoton ɓarakar tsaro kafin a toshe ta. Amfanin haka shi ne wanda ya shigo bayan shekara goma yana iya gano dalilin da ya sa aka yi abu kaza, ba sai ya sake tayar da gardamar da aka gama ba. Na san yadda muke yi a nan: rukunin WhatsApp, saƙon murya mai tsawo da ba a iya binciko komai a cikinsa, ko shawara a fada ana shan shayi. Fada tana da amfaninta, a nan dabara ke zuwa. Amma wanda bai zo ba ranar, an yanke ba da shi. Ƴan'uwanku mata kuma, in akwai su cikin aikin ko kuna fatan su shigo, ba sa zaman fada da dare, kun ga kun rufe musu ƙofa ba tare da kun yi niyya ba.

In kana son ganin abin da ke faruwa idan babu mai duba aikin wani, dubi labarin xz. Ƴar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil don ya rage girma, tana cikin kusan kowace na'ura mai aiki da Linux, buɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta, amma shekara da shekaru mutum ɗaya ke kula da ita a lokacin hutunsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare, masu kyau kuwa, ya yi wajen shekara biyu a haka har aka saki jiki da shi. A tsakani wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa mai kulawar lamba, cewa aiki na tafiyar hawainiya, ya ba wani dama. Ya ba shi. A Fabrairu da Maris na 2024 aka fitar da zubi 5.6.0 da 5.6.1 ɗauke da ɓoyayyiyar ƙofa, wadda za ta ba mai riƙe da wani makulli damar shiga na'urorin mutane ta hanyar SSH, ƙofar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Inda gizo ke saƙar shi ne, yankin da ke tayar da sauran dabarar ba ya cikin rumbun tushen da kowa ke karantawa, cikin ƙunshin da aka fitar don saukewa kaɗai yake. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ba binciken tsaro ya fito yi ba. Ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, da jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya fallasa ranar 29 ga Maris 2024. A lokacin zubin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, nau'o'i biyu na Linux, amma bai kai ga tsayayyun zubin da yawancin sabobi ke aiki da su ba.

Ba zan ce maka lalle ƙuri'ar mutum uku za ta kama wannan ba. Wanda ya shirya shi gwani ne, shaidu ma kuma suna sakaci. Amma dubi tambayar da masu duba zubi suka saba yi: abin da ke cikin ƙunshin nan, shi ne abin da ke cikin rumbu? A xz babu wanda aka ɗora wa yin wannan tambaya. Mai haɗawa, mai sa hannu da mai fitarwa duk mutum ɗaya ne. Halin da kuke ciki ke nan yau, ko da yake abokinku ba mugu ba ne. Mutumin kirki ma idonsa kan tsallake kuskurensa, don abin da ya yi niyyar rubutawa yake gani a allon.

Zai ce maka, to in gobara ta tashi fa, sai a jira kwana uku? A Disamban 2021 aka gano babbar ɓaraka a Log4j, manhajar Apache da kamfanoni marasa adadi ke rubuta bayanan abin da ke gudana cikin tsarinsu da ita. Cikin wannan wata guda masu kula da ita suka fitar da 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0 da 2.17.1, kowanne na toshe abin da aka gano bayan na gabansa. Ƙa'ida ta yarda a gajarta lokacin jira idan matsalar tsaro ce mai gaggawa. +1 uku kam ba a tsallake su.

Yanzu bari in ba abokinku haƙƙinsa, don yana da abin kafa hujja. Linux ba a kaɗa masa ƙuri'a. Linus Torvalds ya fara shi a 1991, kuma har yau shi ke cewa zubi ya fita. Amma ya kalli yadda ake yi kafin ya ce shi ma haka zai yi. Bayan kowane zubi ana buɗe ƙofa mako biyu a karɓi sababbin abubuwa, galibi daga masu kula da sassa waɗanda suka riga suka tace abin da aka turo musu, kowane gyara ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da na waɗanda ya bi ta hannunsu. Sai a rufe. Daga nan kowane mako, yawanci ranar Lahadi, zubin gwaji ke fita, rc1, rc2, har rc7, wani lokaci rc8 in abin bai kwanta ba, jama'a na ta gwadawa. Mako tara zuwa goma ke nan kowane zagaye. Wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya suke, amma kowa ya san ranar, kowa ya ga kayan makonni kafin su fita. Wannan daban yake da mai kanti ya wayi gari ya ga sabon zubi a wayarsa.

Python ma, yaren rubuta manhaja, ta daɗe a hannun wanda ya ƙirƙire ta, Guido van Rossum. Duk babban canji sai an rubuta shi a takardar shawara mai lamba, PEP, da dalilansa da sukar da aka yi masa, shi kuma ya yanke. A Yulin 2018, bayan zazzafar muhawara a kan PEP 572, ya ce ya sauka, bai kuma naɗa magaji ba. Masu aikin suka yi watanni suna tsara yadda za su tafi da kansu, suka ƙare da zaɓaɓɓiyar majalisa ta mutum biyar, wadda ta fara aiki a 2019. Sun tsallake ne don suna da yawa kuma sun saba rubuta komai. Ku shida fa, in mai makullin ya yi fushi, ko ya samu aiki a Yamai ya daina ɗaga waya, me ya rage a hannunku?

Debian kuwa ta raba abin gida biyu, kuma rabon ya kamata ku lura da shi. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, tana da kundin tsarin mulki tun 1998, masu ƙuri'a kimanin dubu, suna zaɓen shugaba kowace shekara. Amma ba sa kaɗa ƙuri'a a kan ranar fitar da zubi. Wannan aikin wata tawaga ce ta musamman: ta dakatar da shigar sababbin abubuwa mataki-mataki, ta sa ido a kan jerin kurakuran da aka yi wa alamar masu hana fita, sai jerin ya sauko inda ta gamsu sannan ta sa rana. Haka Debian 12 ta fita a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Ƙuri'ar jama'a an ajiye ta ne don manyan tambayoyin alƙibla, kuma ba ta e ko a'a ba ce. Kowa na jera zaɓuɓɓukan daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, sai a gwada kowane zaɓi da kowane gaba da gaba, bisa tsarin Condorcet. Cikin jerin kullum akwai zaɓin "babu ko ɗaya", duk shawarar da ba ta doke shi ba ta faɗi. Gyara kundin ko takardun manufarta na asali kuwa, irin takardar alkawarin da ta yi cewa za ta ci gaba da zama buɗaɗɗiya, sai da rinjayen uku bisa ɗaya.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Shekaru da yawa wanda ya saka Debian a kwamfutar hannu, irin na hannu da muke saye a kasuwa, yakan tarar wifi ba ya aiki, don ƴar manhajar da ke tayar da na'urar wifi ɗin ta kamfani ce, tushenta a rufe, Debian kuma ba ta sa irin wannan cikin faifanta na hukuma. Wasu na ganin alkawari alkawari ne, wasu na ganin ana korar sababbi tun daga bakin ƙofa. Babu gwajin da zai raba wannan gardama, don saɓanin manufa ne. A 2022 aka kaɗa ƙuri'a, aka yarda a sa su, har aka gyara takardar alkawarin, Debian 12 ta fito da su. Irin wannan tambaya ce ake ƙirga wa hannuwa. Ko jimillar bashi ta fito daidai, wannan buɗe manhaja ake yi a duba.

Kuma ƙirga hannuwa ba ya kashe gardama. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya yi kunnen doki huɗu da huɗu a kan ko a ɗauki systemd a matsayin manhajar da ke tayar da ayyuka idan an kunna kwamfuta, shugaban kwamitin ya raba da ƙuri'arsa. Maganar ta koma gaban jama'a a shekarar, ta sake komawa a 2019, wasu tsofaffin hannu suka ajiye muƙamansu, wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Ɓallewar nan ita ke bayan duk waɗannan tsare-tsare, domin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ya ba kowa damar kwafe tushen ya ci gaba da nasa da wani suna. Haka manhajar ofis ta LibreOffice ta fita daga OpenOffice a 2010 bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da OpenOffice. Ya kamata abokinku ya san cewa tun ranar da kuka sa wa aikin buɗaɗɗen lasisi, "nawa ne" ta rage ƙarfi. Amma ban ba ku shawarar ɓallewa ba, kada ma ku yi masa barazana da ita. A gari kamar Maraɗi, inda masu iya wannan aiki ba su da yawa, kuma gobe a ɗaki ɗaya za ku zauna jarrabawa, raba mutum shida gida biyu kashe aikin ne baki ɗaya. Shi ya fara, ya fi kowa sanin cikinta, wannan girma ne da ya kamata ku faɗa masa a gabansa kafin ku kawo sauran maganar.

Da ni ne, zan bar masa yanke magana a kan alƙiblar manhajar idan an tattauna an kasa daidaitawa, in kuma roƙe shi ya saki ikon fitar da zubi shi kaɗai. Abu biyu ne daban, kuma na biyun ne ya jawo muku wannan matsala. Kada ku kwafo kundin Debian, don mutum dubu aka tsara shi. Shafi ɗaya ya ishe ku, ku ajiye shi cikin rumbun aikin inda kowa zai gani. Ku rubuta cewa babu zubin da zai je wayar mai kanti sai ya fara fita a matsayin na gwaji, ya kwana uku, mutum biyu ban da wanda ya haɗa shi sun gwada sun rubuta abin da suka gwada. A Apache ma ƙuri'ar mai haɗawa tana shiga cikin ukun in ɗan kwamiti ne, don haka lissafin ɗaya ne. Ku riƙa karɓa-karɓa wajen haɗa zubi, don kowa ya iya. Makullin da kuke sa wa manhajar Android hannu da shi kuma, ya zama akwai kwafinsa a wurin mutum na biyu amintacce, domin in kuna raba fayil ɗin kai tsaye kuma makullin ya ɓata, sabon zubi ba zai hau kan wanda ke wayoyin mutane ba.

Ku kuma daidaita a kan abin da "na gwada" ke nufi, don kada ta zama gaisuwa. Ga manhajar lissafi, abin da ya fi komai shi ne bayanan da ke kan wayar tun da. Ku ajiye littafin kanti na gwaji, da sunayen ƙirƙira da bashin da kuka san jimillarsa da hannu: wanda ya biya rabi, wanda ya biya fiye da abin da ake bin sa, wanda aka soke cinikinsa. Kada ku manta mai kanti da dala yake ƙirge, in ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, wuri guda aka haɗa su ba daidai ba lissafi ya ninka biyar. A ɗora sabon zubin a kan tsohon, kada a gwada a wayar da aka share kawai. A gwada a ƙaramar waya mai tsohon Android, a gwada babu rezo. In kun samu mai kanti ɗaya ko biyu da suka yarda su taya ku gwaji, ku ji tasu da kyau, amma kada ku taɓa littafinsu na gaske sai kun ajiye kwafinsa. Ku yi muhawararku da Hausa ko da Faransanci, duk wanda ya fi muku sauƙi, a fada ko a waya, muddin wani zai zauna ya rubuta abin da aka ce a shafin aikin kafin a ɗauke shi a matsayin hukunci.

Kai kuma da kanka, hanya mafi sauri da za ka iya wannan aiki ita ce ka yi shi a inda aka ƙware. Zaɓi wani ƙaramin aiki na Apache da aka rubuta da yaren da ka iya, wanda ƙunshinsa ba zai cinye maka forfe ba, ka jira a kira ƙuri'a. Sauke ƙunshin, ka duba sa hannun da gpg --verify, ka kwatanta lambar da sha512sum, ka gina, ka gudanar da gwaje-gwajen da ke ciki. Sannan ka rubuta ƙuri'arka, ka faɗi cewa kai ba ɗan kwamiti ba ne, ka jera abin da ka duba da irin na'urarka. Ingilishinka ba sai ya yi kyau ba, layi huɗu ne ko biyar. In kuwa abin ya ƙi ginuwa a kwamfutarka, ka kwafi saƙon kuskuren yadda ya fito ka tura musu, don shi suka fi buƙata.